Idan bind() Ya Ƙi: Yadda Ake Bin Sawun Kuskuren Soket

Ka rubuta ƙaramar saba da harshen C, ka harhaɗa ta, ka kunna, ta zauna a tasha ta 8080 tana jiran baƙi. Ka buɗe burauza ka gwada, ta amsa lafiya lau. Can sai idonka ya kai kan wani harafi da ka rubuta a karkace, ka danna Ctrl-C, ka gyara, ka sake kunnawa. Allo ya ce maka `bind: Address already in use`. Kai dai ka san harafi ɗaya ka taɓa. Ka tashi ka sha ruwa ka dawo, ka sake gwadawa, sai ga ta ta kama kamar ba ita ce ta ƙi ɗazu ba.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar sadarwa tun daga tushe ya sha wannan. Abin da yawancinmu muka yi a karon farko shi ne mu kwaso layin `SO_REUSEADDR` daga wani wuri mu liƙa, kamar mai rataya laya bai san abin da ke cikinta ba. Wata rana ta yi aiki. Ranar da ba ta yi ba kuwa sai mutum ya rasa inda zai kama, domin tun farko bai san ciwon da ya sha wa magani ba.

Tsarin soket da muke amfani da shi yau ya fito ne tare da 4.2BSD a shekarar 1983, daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma ma'anar `bind()` ba ta sauya ba tun lokacin. Ka ɗauki kanel, wato zuciyar tsarin da ke raba wa manhajoji kayan na'ura, a matsayin sarkin kasuwa. Kiran `socket()` izinin shiga kasuwa kawai ya ba ka. Da `bind()` ne kake zuwa gabansa ka ce rumfa kaza nake so a layi kaza. Abu uku ke tantance rumfar: ƙa'idar sadarwa, TCP ko UDP, da adireshin IP, da lambar tasha, wadda ba ta wuce 65535. Tasha ta 53 ta TCP daban take da ta 53 ta UDP. Adireshin 0.0.0.0 kuwa ma'anarsa "a ba ni wannan lambar a kowane layi", shi ya sa yake karo da duk wanda ya riga ya kama lambar a layi guda.

Amsoshin sarkin kasuwa ba su da yawa. Ko ya ce akwai mai ita, ko ya ce babu wannan layin a kasuwar nan, ko ya ce matsayinka bai kai ba, ko ya ce takardarka ba ta cika daidai ba. Kowace amsa da sunanta a `errno`, kuma kowace da hanyar da ake bi.

Ka fara jin abin da kanel ya ce

Na sha ganin manhajar da iyakar abin da take bugawa shi ne "an kasa buɗe tasha". Wannan kamar majinyaci ne ya ce wa likita ba shi da lafiya ya yi shiru. Ka adana `errno` nan take, kafin ka kira komai, domin `close()` ko `printf()` na iya sauya shi:

```c
if (bind(fd, (struct sockaddr *)&adr, sizeof adr) == -1) {
    int kuskure = errno;
    fprintf(stderr, "bind, tasha %d: %s\n", tasha, strerror(kuskure));
    close(fd);
    return -1;
}
```

Suna za ka riƙe, ba lamba ba. `EADDRINUSE` lambarsa 98 a Linux, 48 a macOS da FreeBSD, a Windows kuma 10048, kuma can da `WSAGetLastError()` ake samun sa.

Bayan ka ji amsar, sai ka ga tambayar. Abin da kake zaton ka miƙa wa kanel da abin da ya isa hannunsa ba lallai su zama ɗaya ba, kuma gani ya kori ji:

```
strace -f -e trace=socket,setsockopt,bind,listen ./saba
```

Wannan umarnin kaɗai yana warware matsaloli da dama kafin ka buɗe wani fayil. Misali ka ga layi irin wannan:

```
bind(3, {sa_family=AF_INET, sin_port=htons(36895), sin_addr=inet_addr("0.0.0.0")}, 16) = 0
```

Kai 8080 ka nema, ina 36895 ta fito? Ka manta da `htons()`. Lambar tasha bayit biyu ce, kuma a kan waya babban bayit ke gaba, alhali na'urorin x86 da yawancin na ARM ƙaramin suke sawa gaba. A lissafin sha shida 8080 ita ce 1F90. Juya bayit ɗin ka samu 901F, wato 36895. Abin haushin shi ne kiran ya yi nasara, babu wani kuskure da aka buga, saba tana zaune a rumfar da babu wanda ya san da ita. Idan kuma 4096 ka zaɓa ka yi wannan mantuwar, za ta juye ta zama 16, sai kanel ya ce maka `EACCES`, ka kwana kana neman dalilin da tasha mai lamba dubu huɗu za ta buƙaci izini na musamman.

Haka nan ka dubi lambar farko a cikin kiran. Idan ka ga `bind(0, ...)` da amsar `ENOTSOCK`, kusan tabbas ka rubuta `if (fd = socket(...) < 0)` ba tare da baka ta biyu ba. A C kwatanci ke riga ajiya, don haka sakamakon kwatancin, wato sifili, shi ya shiga `fd`, kana ƙoƙarin ɗaure allon rubutunka a tasha. Lambar ƙarshe kuma tsawon adireshi ce: 16 ga IPv4, 28 ga IPv6. Ka ga 8, to girman manuni ka auna maimakon girman tsarin da yake nunawa. Ka ga 16 a soket na IPv6, to `sizeof(struct sockaddr)` ka rubuta. Duka biyun `EINVAL` suke haifarwa, kamar yadda ɗaure soket guda sau biyu yake haifar da shi. Ka saba da share tsarin da `memset` kafin ka cika shi, ka kuma tabbata `sin_family` ya dace da irin soket ɗin da ka buɗe.

Masu C++ suna da nasu tarkon. Wanda ya rubuta `using namespace std;` zai iya wayar gari ya tarar `bind` ɗinsa ya koma `std::bind`, wani abu daban da bai san kanel ba sam. A strace ba za ka ga kiran ba ko kaɗan, sai `listen()` kawai, shi kuma kanel ya zaɓar maka tashar da ya ga dama. Maganinsa `::bind`.

Akwai mai ita

`EADDRINUSE` shi ne mafi yawa, kuma a nan ne ake yawan shan maganin da ba na ciwon ba. Tambaya ɗaya ce a gabanka: wa ke riƙe da tashar, kuma a wane hali yake?

```
sudo ss -tanp 'sport = :8080'
```

Ka lura da abu biyu. Na sa `sudo`, domin in ba haka ba `ss` zai nuna maka soket ɗin amma ya ɓoye sunan mai shi idan na wani ne. Na kuma sa `a` maimakon `l` da aka saba, domin ba mai sauraro kaɗai ke tare tasha ba. Idan UDP ce ka sauya `t` da `u`. A macOS `lsof -nP -i :8080` zai yi maka aikin.

Idan ka ga `LISTEN` da sunan manhaja da lambarta, to mai rai ne ke zaune a rumfar, kuma babu zaɓin soket da zai tashe shi. Sau tari kai ne da kanka. Ka danna Ctrl-Z a zaton ka kashe, alhali dakatarwa kawai ka yi, manhajar na kwance da tasharta a hannu. Rubuta `jobs` ka gan ta, `fg` ya dawo da ita, sannan Ctrl-C. Wani lokaci kuma mai gida ne. A Ubuntu, systemd-resolved yana zaune a 127.0.0.53 tasha ta 53, don haka wanda ya girka dnsmasq ya ce ya kama 53 a kowane adireshi sai su yi karo. A macOS tun daga Monterey ta 2021, mai karɓar AirPlay yana riƙe da 5000 da 7000, abin da ya wahalar da masu Flask, wadda 5000 ce tasharta ta asali. Idan kuma ka ga systemd da kansa, mai lamba 1, shi ke riƙe da tashar, to akwai fayil mai ƙarewa da `.socket` da aka ba shi ya tsare ta a madadin wata hidima, kuma shi za ka tsayar.

Kar ka yi saurin `kill -9` kafin ka san wa kake kashewa. Idan systemd ke kula da shi zai iya sake tayar da shi cikin ƙiftawar ido, idan kuma rumbun bayanai ne, garin gyaran gira ka rasa ido.

Akwai wanda ya taɓa cinye mini yamma guda cur. Wata saba ce da na rubuta wa wani ofishi, tana kiran ƙaramin rubutun shel da `system()` duk lokacin da ta tashi, shi kuma rubutun yana barin wani madauki a baya yana kwafe bayanai yana barci yana farkawa. Rannan sabar ta faɗi. Na je tayar da ita, ta ce akwai mai tashar. Na duba jerin masu gudana, babu ita babu alamarta. Abin da ya ƙara ruɗa ni, masu haɗawa daga waje ba a korar su: haɗin yana ƙulluwa, sai su zauna shiru ba amsa. Da na tuna na sa `sudo` a gaban `ss`, sai ga abin da ya fito:

```
LISTEN 12 128 0.0.0.0:8080 0.0.0.0:* users:(("sleep",pid=2417,fd=3),("sh",pid=1190,fd=3))
```

Wai `sleep` ne ke sauraron tashata. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A Unix ɗa yana gadon duk fayilolin da uwarsa ta buɗe lokacin `fork()`, kuma gadon yana tsallake `exec()` sai in an hana. Soket ba ya rufuwa sai mai riƙe da shi na ƙarshe ya sake shi. Uwa ta mutu, jikoki na riƙe da makullin rumfa ba su ma san suna da shi ba. Kanel kuwa yana ta karɓar baƙi yana jera su a layi, lambar 12 ɗin nan su ne, babu mai kiran `accept()` ya shigo da su. Gyaran kalma ɗaya ne: `socket(AF_INET, SOCK_STREAM | SOCK_CLOEXEC, 0)`. Wannan tutar ta shigo Linux a 2.6.27, a 2008. Inda babu ita sai a sa `FD_CLOEXEC` da `fcntl()`. Haka soket ɗin da `accept()` ke dawowa da su, `accept4()` yana karɓar tutar.

Yanzu mu koma ga wanda muka fara da shi. Ka duba `ss`, babu mai sauraro, sai layuka masu `TIME-WAIT` ba su da sunan kowa. Waɗannan ba na wata manhaja ba ne, kanel ne ke riƙe da su. A TCP, ɓangaren da ya fara rufe haɗi shi ke zaman jira bayan an yi sallama, saboda dalili biyu. Na farko, amsarsa ta ƙarshe na iya ɓacewa a hanya, ɗayan ya sake aiko da sallamarsa, dole a samu mai amsa masa. Na biyu, wani ƙunshin bayani da ya makara a hanya zai iya isowa bayan an buɗe sabon haɗi mai adireshi da tasha iri ɗaya, a ɗauke shi a matsayin na sabon. Takardar RFC 793 ta 1981 ta ce a jira ninki biyu na iyakar rayuwar ƙunshi, wadda ta ƙiyasta minti 2, wato minti 4 ke nan. Linux ya tsayar da nasa a daƙiƙa 60, a rubuce cikin kanel. Tsawon shan ruwanka ke nan.

Nan ne layar take aiki:

```c
int i = 1;
setsockopt(fd, SOL_SOCKET, SO_REUSEADDR, &i, sizeof i);
```

Dole ya zo bayan `socket()` kuma kafin `bind()`. In ya zo bayansa, an yi ba a yi ba. A ganina duk sabar TCP da za ta gudana a Linux ko BSD ta sa shi tun ranar farko, ba sai ta ga kuskure ba, kuma babu haɗari a ciki, domin tsofaffin haɗin suna nan suna cika zamansu, sabon mai sauraro kawai aka bari ya zauna kusa da su. Masu rubutu da Go ba su cika sanin wannan ciwon ba, saboda laburarensu na sa shi da kansa.

Akwai wani ɗan sirri da ke sa mutane su ce sun gwada bai yi ba. A Linux sai tsohon soket da sabon duka sun sa zaɓin. Ka ƙara layin yanzu, ka harhaɗa, ka kunna, ya sake ƙi, saboda ragowar da ke `TIME-WAIT` ta tsohuwar manhajar ce wadda ba ta da shi. Ka jira minti ɗayan nan karo na ƙarshe, daga nan an wuce wurin. FreeBSD ba ya neman haka, na bayan kaɗai ya isa. A Windows kuwa sunan ɗaya ne amma halin daban: can `SO_REUSEADDR` na iya ba wata manhaja damar hawa kan tashar da wani ke sauraro a kanta, shi ya sa suke da `SO_EXCLUSIVEADDRUSE` don toshe wannan ƙofar. Kar ka ɗauki layin daga nan ka kai can ido rufe.

Za ka ji masu ba da shawarar wasu dabaru. Wani zai ce ka sa `SO_LINGER` da sifili, don rufewa ta zama yankewa nan take da RST. Gaskiya ne ba za ka ga `TIME-WAIT` ba, amma duk bayanin da bai gama fita ba ya zube, garin neman ƙiba an samo rama. Wani zai ce ka rage `tcp_fin_timeout`, alhali wannan wani hali daban yake aunawa, `FIN-WAIT-2`. Wani kuma zai ce `tcp_tw_recycle`, wanda aka cire daga Linux gaba ɗaya a 4.12, a 2017, saboda yadda yake karya haɗin mutanen da ke fitowa ta bayan adireshi guda. Shi kuwa `SO_REUSEPORT`, da ya shigo a Linux 3.9 a 2013, kayan aiki ne na gaske, amma na wani aikin: yana barin manhajoji da yawa na mai amfani guda su saurari tasha ɗaya, kanel na raba musu baƙi. Ka sa shi don kawai kuskure ya yi shiru, sai tsohuwar sabarka da sabuwa su zauna tare, wasu baƙin su samu gyaran da ka yi, wasu su samu na jiya, kai kuma kana ta mamaki.

Saura wasu biyu da ke ɓuya. Na farko IPv6. A Linux, soket da aka ɗaure a `::` yana haɗawa har da IPv4, sai in an hana shi. Don haka manhajar da ke zagaya sakamakon `getaddrinfo()` tana ɗaure kowanne, za ta kama ɗaya, ta zo na biyu ta tarar da kanta a rumfar. Ko dai ka bar soket guda na IPv6 ya ɗauki duka, ko ka kunna `IPV6_V6ONLY` kafin `bind()` ka buɗe biyu. Ka faɗa a sarari wanda kake so, domin Windows da FreeBSD akasin Linux suke farawa, OpenBSD kuma ba ya haɗa su ko ka roƙa.

Na biyun ya fi mugunta, domin ba kullum yake zuwa ba. Duk haɗin da ya fita daga na'urarka yana buƙatar tasha ta wucin gadi, kuma Linux yana ɗiba ne daga 32768 zuwa 60999, kamar yadda za ka gani a `/proc/sys/net/ipv4/ip_local_port_range`. Idan sabarka na zaune a cikin wannan tazarar, kamar 50051 da misalan gRPC suka saba da ita, wata rana za ka sake kunna ta daidai lokacin da wani haɗi mai fita ya ari lambar. A `ss` za ka ga `ESTAB` na wata manhaja da ba ruwanta da kai, kuma da `-l` ka duba da ba ka gan shi ba. Ko ka sauko ƙasa da 32768, ko ka keɓe lambar a `net.ipv4.ip_local_reserved_ports`. Don gwaje-gwaje kuwa, ka daina zaɓar lamba da kanka: ka ba shi tasha ta 0, kanel ya zaɓa, ka tambaye shi wadda ya ba ka da `getsockname()`.

Idan `ss` bai nuna komai ba sam alhali kuskuren na nan, mai yiwuwa ba kasuwa ɗaya kuke ba. Kowace kwantena da nata jerin tashoshin, sai ka shiga da `nsenter -t` da lambar manhajar da `-n` ka duba daga ciki. Idan kuma ya nuna soket a raye babu sunan kowa duk da `sudo`, to na kanel ne, irin na NFS ko WireGuard.

Babu wannan layin, ko matsayinka bai kai ba

`EADDRNOTAVAIL` ya fi sauƙi: ka nemi adireshin da na'urar ba ta da shi. `ip addr` zai nuna maka abin da take da shi, ka kwatanta da abin da strace ya nuna. Wanda ya yi hayar saba a EC2 na Amazon yakan rubuta adireshinta na waje a fayil ɗin saiti, alhali wannan adireshin ba ya kan katin na'urar, a hanya ake fassara shi zuwa na ciki. Ka ɗaure a na cikin ko a 0.0.0.0.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan kuskuren na zuwa lokacin tashin na'ura kawai, in ka kunna da hannu bayan nan kuma lafiya. Tsere ne: sabarka ta riga adireshin isowa. A systemd, `network.target` ba ya nufin an samu adireshi, sai ka sa `Wants=` da `After=` duka a kan `network-online.target`. IPv6 ya ƙara nasa jinkirin, domin sabon adireshi yakan ɗan zauna a halin `tentative` yayin da ake tabbatar babu wani mai irinsa a layin, kuma kafin a gama ba a ɗaure shi. Idan da gangan kake son kama adireshin da bai zo ba tukuna, kamar sabar ko-ta-kwana da za ta gaji adireshin 'yar'uwarta in ta faɗi, to `IP_FREEBIND` a kan soket ɗin ya fi kunna `ip_nonlocal_bind` ga na'ura duka, domin na biyun zai rufe maka har kuskuren rubuta adireshi a kowace manhaja. Adireshin da ya fara da `fe80` kuwa sai ka cika `sin6_scope_id` da lambar katin, in ba haka ba `EINVAL` za ka samu.

`EACCES` a tashar da ke ƙasa da 1024 tsohuwar al'adar Unix ce: waɗannan rumfunan na manya ne. Mafita mafi sauri ita ce gudanar da komai a matsayin `root`, kuma ita ce mafi muni, don ka ba manhajar da ke magana da baƙin duniya makullin gida duka saboda ƙofa ɗaya. Ka ba ta iznin nan kaɗai:

```
sudo setcap cap_net_bind_service=+ep ./saba
```

Sai dai duk lokacin da ka sake harhaɗa fayil ɗin iznin ya tafi, kuma kar ka sa shi a kan mai fassara kamar `python3`, don ka ba kowane rubutu ke nan. Ga hidimar da systemd ke kula da ita, layin `AmbientCapabilities=CAP_NET_BIND_SERVICE` ya fi tsafta. Tun Linux 4.11 ana iya matsar da iyakar kanta ta `net.ipv4.ip_unprivileged_port_start`.

Idan tashar ta haura 1024, ka kuma tabbatar ba juyin bayit ba ne, amma ana ce maka babu izini ko da kana `root`, ka zargi SELinux, musamman a Red Hat da Fedora. Can kowace hidima da tashoshin da aka yarje mata. `ausearch -m avc -ts recent` zai nuna ƙin, `semanage port -a -t http_port_t -p tcp 8095` kuma zai ƙara tashar ga sabar yanar gizo. A Windows makamancinsa kuskure ne mai lamba 10013, sau da yawa saboda Hyper-V ya keɓe wa kansa wasu jerin tashoshi, kuma `netsh interface ipv4 show excludedportrange protocol=tcp` zai jero maka su.

Soket da ke zaune a fayil

Soket na `AF_UNIX` adireshinsa suna ne a faifai, kuma `bind()` ne ke ƙirƙirar fayil ɗin. Rufe soket ba ya goge shi. Manhajar da ta fita cikin ladabi takan share da kanta, amma wadda ta faɗi, ko aka ɗauke wuta tana tsaka da aiki, takan bar shi nan. Ta tashi ta tarar da sunan, kanel ya ce `EADDRINUSE`, kuma ko shekara ka jira ba zai kau ba. `SO_REUSEADDR` ba shi da tasiri a nan ko kaɗan. Wanda ke aiki inda wuta ba ta da tabbas ya ajiye irin wannan fayil a ƙarƙashin `/run`, wanda a ƙwaƙwalwa yake, yana gogewa da kansa duk lokacin da na'ura ta mutu.

Abin da aka saba shi ne kiran `unlink()` kafin `bind()`. Yana aiki, amma in akwai wata sabar da ke raye a kan sunan, ka zare mata shi daga ƙarƙashi: tana nan tana sauraro, babu mai iya samun ta. Gara ka fara ƙwanƙwasawa. Ka gwada `connect()` a kan sunan: in an amsa, akwai mai gida, ka fita. In ka samu `ECONNREFUSED`, kango ne, ka goge ka ɗaure. Tsakanin ƙwanƙwasawa da gogewa akwai 'yar tazarar da saba biyu masu tashi lokaci guda za su iya cin karo, don haka inda abin ke da muhimmanci sai a riƙe `flock()` a kan wani fayil na gefe kafin a fara, wanda kanel ke saki da kansa in mai riƙe da shi ya mutu.

Ka kuma auna tsawon sunan. Gurbin `sun_path` bayit 108 ne a Linux, 104 a macOS da BSD, har da sifilin ƙarshe. Wanda ya cika shi da `strncpy()` bai duba ba, sunan zai yanke shiru, `bind()` ya yi nasara a kan guntun suna, abokin hulɗa kuma ya je neman cikakken ya samu `ENOENT`. Ka gwada tsawon kafin kwafi, in ya wuce ka ƙi tun daga nan ka faɗi dalili. A Linux kaɗai akwai wata hanyar: ka sa bayit na farko na `sun_path` ya zama sifili, sunan ya biyo baya. Irin wannan ba ya taɓa faifai, yana ɓacewa da zarar an rufe soket na ƙarshe, amma izinin fayil ba ya kare shi, kuma tsawon da ka miƙa wa `bind()` yana cikin sunan. Saba ta miƙa `sizeof` na tsarin duka, abokin hulɗa ya miƙa iya tsawon haruffan, to suna biyu ne daban, kuma a `ss -xl` za ka ga na sabar da jerin alamun `@` a bayansa.